Ƙoƙon da Emeka Ya Ƙi Sha a Kebbe

Asabar: Sakkwato zuwa Tambuwal

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, ana ɗan yayyafi. Matata Saratu ta raka ni bakin ƙofa, ta cusa mini ƙuli-ƙuli a jaka, ta ce, "Malam, in ka je ka dubi mutanen nan da idon dattijo, ban da idon sufeto." Na ce mata idon ke nan da Allah ya ba ni, ba ni da na canji.

Ta san abin da take faɗa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina sufeton makarantun firamare kafin in yi ritaya. Na ga hedimastan da ya ari benci, ya ari allo, ya ari har 'yan makaranta saboda ya ji ina tafe. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: duk inda na tarar da komai tsaf, to ƙarya na kwance a wurin.

Ga abin da ya tashe ni. Muna da wata ƙaramar majami'a a bayan garin Kebbe, masu sujada ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Yawancinsu Dakarkari ne manoma da suka zo daga ƙasar Zuru, sai gidaje huɗu na Ibo 'yan kasuwa. Shekara biyu ke nan da suka ɓata, har suka daina gaisawa. Majalisar dattawanmu ta gaji, ta yanke cewa in ba su shirya ba za a rufe majami'ar, a janye Fasto Iliya. Wurin aikinsa na farko ke nan, kuma wanda aka janye da sunan ya kasa yakan daɗe bai samu wani ba. Ana cikin haka sai ga wasiƙarsa: wai an shirya tsaf, babu sauran komai a zuciyar kowa. Da na ji kalmar tsaf na ce da walakin, goro a miya. Aka ce to ni in je in gano, abin da na rubuto shi za a bi.

Na sanar da faston zan zo Lahadi ta biyu a watan takwas, na kuwa shirya zuwa ta farko, ranar da ake Jibin Ubangiji, wato ibadar cin gurasa da shan ƙoƙo tare. Tsohuwar dabara ce, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Motar ta cika ƙarfe shida da minti goma, naira dubu huɗu kujera, mu huɗu a baya kamar an ɗaure itace. Tafiyar kilomita ɗari ce ko kusa da haka. Muka wuce Boɗinga gari na wayewa. Kafin Dogon Daji aka tsayar da mu a shinge na uku, aka ce kowa ya fito da katinsa. Mai kakin ya karanta nawa, ya dubi hulata da babbar rigata, ya sake duban katin.

"Bitrus? Kai Bahaushe ne?"

"Tun kakannin kakanni."

"To ina ka samo Bitrus?"

"Inda ka samo naka, wurin mahaifina."

Ya sa aka zazzage jakata kafin ya sake mu. Direba ya yi ta mita, wai bakin tsoho ya ci masa kwata guda.

Ba wannan ne karon farko da suna da hula suka ja mini ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da aka fara binciken mutane a ƙofar coci, wani Mista Uche mai kula da ƙofarmu ya tare ni. Majami'ar da mahaifina ya ɗauki tubalinta a ka. Ya ce bai yarda da ni ba, sai na karanta Addu'ar Ubangiji a gaban jama'a. Na karanta cikin fushi. Daga baya ya zo ba da haƙuri, na ce ba komai, amma tun ranar ta ƙofar gefe nake shiga, hannuna bai sake taɓa nasa ba. Na kawo wannan ne kawai don ku san na san zafin abin.

Tambuwal

Mun iso ƙarfe takwas da rabi. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, ɗari bakwai, ƙosan ya yi daɗi amma an rage masa girma. Mai kokon ya tambaye ni inda za ni, na ce ziyarar dangi. Ya ce dangin wa, na ce ƙara mini sukari.

Motar Kebbe na nan, fasinja biyu a ciki, direba na barci. Aka ce ruwan daren jiya ya cinye wani kwalbati, mota ba ta wucewa sai ƙasa ta sha iska. Na zauna har sha ɗaya, sannan na haƙura na nemi kabu-kabu, wato babur na haya. Wanda na samu magidanci ne mai furfura a gemu, sunansa Sahabi, mutumin Kebbe. Muka daidaita a dubu biyar bayan ya fara da takwas.

Hanyar Kebbe

Sha ɗaya da minti ashirin muka kama hanya. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, ba ka ganin komai sai sama da laka. Kowa ya san abin da dogon gero yake ɓoyewa a shekarun nan, don haka na riƙe jakata da kyau. Da na ga mun yi nisa na fara bugun cikinsa, ko ya san masu coci na bayan gari.

"Awo, na san su. Mi ag gaminka da su, Baba?"

"Ji na yi sun yi faɗa."

"Hwaɗa kai! Ai mu munka gina kabarin ɗiyar."

Ya ba ni labarin yana kauce wa ramuka. Akwai wani Emeka mai kemis, ya fi shekara ashirin a Kebbe. Daminar bara waccan 'yarsa Ada, mai shekara shida, ta rasu da zazzaɓi. Hanya ta yanke, babu halin kai gawa kudu kamar yadda suka saba. Ya je wurin Baba Dauda, babban Dakarkarin, ya roƙi wuri a maƙabartar da mai gari ya ba masu coci, wadda Dakarkari suka sare dajinta da hannunsu. Dama da jiƙaƙƙa a tsakaninsu: Ibo sun ware suna sujadarsu da Turanci a shago, har an ji wata cikinsu ta ce bencin manoma warin taki yake yi. Sai Baba Dauda ya ce, kun ƙi zama da mu muna da rai, sai kwanciya? Ya hana matasansa ɗaukar diga.

"Da sahe muna wucewa munka gane shi cikin ruwa, shi ɗai, shina gina da shebur na shago," in ji Sahabi. "Uba shina gina kabarin ɗiyatai da kainai! Munka aje babura, mu shidda, munka amshe shebur ɗin. Ba addinina na ba, amma ranan kunya ta kama ni."

Ni ma ta kama ni a bayan babur. Na ciro ɗan littafina na rubuta sunayen a kan gwiwa. Na lura ya dube ni ta madubi.

Bayan mun tura babur mun haye inda kwalbatin ya karye, sai ya tsaya a tsakiyar gonaki, ya ce zai kama ruwa. Ya shiga cikin gero. Can na jiyo shi yana waya ƙasa-ƙasa: "Tsoho na, da babbar riga, shina rubuce-rubuce." Na ce shi ke nan, Bitrus, an sayar da kai da rana tsaka, dubu biyar ka biya aka kawo ka. Na dubi gabas na dubi yamma, babu inda gwiwar mai shekara sittin da takwas za ta kai ni. Na yi addu'ar da ban taɓa yi da sauri haka ba.

Ya fito yana dariya, ya miƙo mini wayar. Muryar Fasto Iliya na ji: "Baba Dattijo, ashe kai ne! Sannu da hanya."

Ashe Sahabi ma tsorona yake ji. Baƙo mai tambayar gidajen mutane yana rubutawa, ya ɗauka ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne. Na ji sanyi a raina, na kuma ji haushi, don dabarata ta shekara talatin ta mutu a cikin gero. Yanzu suna da yini guda na aron benci.

Kebbe, yammacin Asabar

Ƙarfe ɗaya da kwata muka isa. Fasto Iliya siriri ne, bai kai talatin da biyar ba, yana ta murmushin da bai kai ido ba. Matarsa ta kawo tuwon dawa da miyar kuka har da kaza. Na ci kazar, amma na rubuta ta a zuciya, don ban taɓa ganin an yanka wa sufeto kaza a makarantar da ba ta da abin ɓoyewa ba.

Ya kai ni majami'ar, ɗaki guda na laka da rufin kwano. An share ta fes. Na duƙa na dubi daɓen, na ga sawun ƙafafun benci a rukuni biyu, da fili a tsakani, alhali yanzu an jera su a haɗe.

"Yaushe aka matsar da su?"

"Wata bakwai ke nan, Baba."

"Ba yau da azahar ba?"

Ya ce a'a. Ya bayyana mini yadda yake yi. Ya hana sujada biyu: wa'azi da Hausa, matar Emeka tana juyawa da Turanci. Ranar Jibi kuma ya daina zagayawa da ƙoƙo da kansa. Ƙoƙo ɗaya ne, kowa ya sha ya miƙa wa na kusa da shi, ya kuma zaunar da Baba Dauda kusa da Emeka. Na ce dabara ce mai kyau a baki.

Da la'asar na je gidan Baba Dauda. Tsoho ne ƙaƙƙarfa, gwiwarsa ɗaya ta kumbura, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Kafin in gama tambaya ya ce, "Na yi kuskure, na roƙi gahwara, ya yahe min." A jere, ba numfashi, kamar ɗan aji uku da aka ba hadda. Na ce ya ƙara mini bayani, ya sake maimaita kalmomin nan uku, ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa.

Daga nan na nufi kemis ɗin Emeka ni kaɗai, ba tare da na faɗa wa kowa ba. Ban samu kowa a gaba ba, amma na ji murya a bayan shagon. Faston ne.

"Gobe kaɗai, Emeka. Don Allah, gobe kaɗai. In ya gani, an rufe mu."

Ban ji amsar ba. Na juya a hankali na koma masauki. Biri ya yi kama da mutum. Kafin magariba na riga na tsara rabin rahotona a kai, kuma ba zan ɓoye muku ba, har da ɗan jin daɗin wanda zarginsa ya tabbata.

Lahadi

An fara sujada ƙarfe tara da minti goma. Na ƙirga mutum talatin da huɗu, na kuma duba fuskokinsu ko akwai na aro. Aka zaunar da ni a bencin gaba, Emeka a hagu da ni, Baba Dauda a hagu da shi. Emeka gajere ne mai ƙiba, ya gaishe ni da hannu biyu. Aka yi waƙa da Hausa, Ibo suna bi da kyar, aka yi da Turanci, Dakarkari suna tafi kawai. Matar Emeka ta juya wa'azi, inda ta kakare wata tsohuwa Badakkara ta jefa mata kalmar daga baya. Na ce a raina, an yi atisaye mai kyau.

Sai aka zo Jibi. Gurasar burodin kasuwa ce, ruwan inabin kuma zoɓo ne a ƙoƙon silba. Baba Dauda ya sha, ya juyo ya miƙa wa Emeka da hannu biyu. Faston ya kafe Emeka da ido. Emeka ya karɓa. Ya riƙe shi ya daɗe, majami'a ta yi tsit. Sannan ya girgiza kai, bai sha ba, ya juyo ya miƙo mini.

Na ga fuskar Fasto Iliya ta zube. Wata mata ta ce "Wayyo" a baya.

Ni kuwa ga ƙoƙo a hannuna. Tun muna yara aka koya mana cewa kada mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya sha wannan ƙoƙo sai ya binciki kansa. Na koya wa wasu ma. Na ɗaga shi zuwa bakina kamar yadda na saba kowane wata, sai fuskar Mista Uche ta faɗo mini, da hannunsa da ya miƙo na bar shi a iska. Shekara goma sha ɗaya ina sha ina lashe baki. Ga wani ɗan kasuwa, majami'arsa na hannuna, ya ƙi yin ƙaryar kurɓi ɗaya. Na kasa. Na miƙa wa na kusa da ni.

Da aka tashi faston ya same ni a bayan ɗakin, idonsa ya yi ja. Ya ɗauka ƙin shan da na yi hukunci ne.

"Baba, ni na yi laifi. Wasiƙar nan na ƙara gishiri. Tsoro na ji. Ka rubuta a cire ni, amma kada a rufe musu. Tsofaffin nan ba su da inda za su."

Na ce ya ba ni wuri tukuna. Na sami Emeka a gindin dogon yaro yana goge sirdin babur ɗinsa.

"Ɗana, ka san abin da ya kawo ni?"

"Na sani, Baba."

"Ka san abin da ka yi zai iya rufe wurin nan?"

"Na sani. Fasto ya roƙe ni jiya." Hausarsa ta Kebbe ce sak. "Baba, wani wata ina sha. Wata huɗu na sha daga hannunai. Amma wanga wata na Ada ta rasu. Da safe na biya wurinta. In na dube shi yau, shebur nika gani. In sha don an yi baƙo? Wa za ni ruɗi?"

"To ka yafe masa ko ba ka yafe ba?"

"Ina yahewa, Baba. Ban gama ba."

Ina tsaye sai ga Baba Dauda yana ɗingishi da sanda. Ya nufo mu kai tsaye. Emeka ya karkata babur ɗin, ya riƙe masa sandar, ya jira har tsohon ya ɗaga kumburarriyar ƙafar ya zauna, ya kama shi a kugu. Suka tafi a hankali suna kauce wa laka. Na tambayi wata mata ko saboda ni ne. Ta dube ni kamar na yi wauta, ta ce tun da gwiwar ta kumbura Emeka ne yake ɗauko shi ya mayar, gidansa da nisa. Ban yarda da ita kaɗai ba, na tambayi mutum uku daban-daban, har da mai faci na bakin hanya wanda ba ruwansa da coci. Duk bakinsu ɗaya.

Da yamma na sake komawa wurin Baba Dauda, na ce yau ban da hadda. Ya ce duk watan da Emeka ya ƙi sha, shi ya san dalili, kuma ya fi son haka da a sha a rufe shi da ƙarya. "Ni niy yi maganar," ya ce. "Miƙawa tawa ta. Sha nashi na."

Litinin: komawa gida

Sahabi ya zo ƙarfe bakwai. An zuba ƙasa a kwalbatin, muka iso Tambuwal tara saura minti biyar, wannan karon bai shiga gero ba, ni ma ban ciro littafi ba. Mota ta tashi goma da rabi, shinge huɗu, ba wanda ya kula da hulata. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin ina ƙofar gida. Saratu ta dube ni ta ce wane idon na yi aiki da shi. Na ce ta ba ni ruwa tukuna.

Rahoton da na kai wa majalisa bai cika shafi ba. Na rubuta cewa wasiƙar fasto ba gaskiya ba ce, a ja masa kunne, shi ma ya amsa. Na rubuta cewa mutanen Kebbe ba su gama shiryawa ba, kuma saboda haka ne nake roƙo kada a rufe, don in an rufe ba su da inda za su ƙarasa. An yi gardama ta awa biyu. Wani dattijo ya ce sharaɗin da aka sa shi ne shiri, ba rabin shiri ba. Na ce in da wannan ma'aunin za a bi, a fara rufe tamu, ni ne shaida. Aka bar majami'ar a buɗe, aka bar Fasto Iliya a wurin aikinsa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Lahadin da ta biyo na sa babbar rigata da hulata, na wuce ƙofar gefe, na nufi babbar ƙofa. Mista Uche na nan, ya yi furfura shi ma. Da ya gan ni ya matsa gefe ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba in mun yi kiciɓis. Na tsaya na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun ya daɗe, yadda nake duban rajistar hedimasta.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Ban gama ba, amma ga shi."

Bai gane ba, ya dai kama da hannu biyu.

Na gode wa Sahabi da ya kai ni ya dawo da ni, duk da ya kusa tsayar mini da zuciya. Na gode wa matar fasto da kazarta, wadda na zarga a banza. Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya. Jibi mai zuwa saura mako uku, kuma na roƙi a zaunar da ni kusa da Mista Uche.